Akori-Kurar Da Ta Ɓace Ana Cikin Addu'a

Lasifika ce ta fara mutuwa. Liman yana tsakiyar roƙa wa sabuwar motar Sirajudeen tsari daga haɗari da mugun ido, sai muryarsa ta yanke, ya ci gaba da motsa baki kamar kifi. Mata daga can gefe suka ce tukwanen lantarki ma sun daina ɗumi. Aka zauna ana jiran a dawo da wuta, mutanen da wasunsu sun yi furfura a Maryland ta Amurka, saboda hali zanen dutse ne. Sai da aka shafa fatiha sannan wani ya tuna cewa wutar ba ta gari ba ce, daga bayan motar aka jawo ta.

Suka bi wayar. Ta zagaya bayan rumfar da aka kama haya a filin shaƙatawa na Wheaton, ta ratsa ciyawa, ta ƙare a fili. Ga fulogi a kwance. Mota babu.

Akori-kura ce shuɗiya, irin mai haɗa fetur da batir, wadda in ta ga dama take tafiya shiru kamar kyanwa, tana kuma ba da wuta kamar janareta. Ba a shiga shago a fito da irinta. Sai ka yi oda ka zaɓi yadda kake so, sannan ka jira, domin kamfani ba ya ba dila sai kason da ya ga dama. Sirajudeen, mutumin Kumasi mai gyaran lambuna da kwasar kaya, ya jira shekara da ɗoriya. Shi ya sa ya yi mata walima kamar an yi masa haihuwa.

Injiniya Maitama, Bakano, ya riga shi yin oda a wurin dila ɗaya, har yau tasa ba ta zo ba. Ya zo walimar, bai ci komai ba, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce a gaban shaidu, "Ka ci layina, amma ba za ka ji daɗinta ba." Ya juya ya tafi, ana shirin fara addu'a.

Kafin shinkafa ta huce an gama shari'a. Ana cewa idon jama'a ba ya kuskure. Abin da na lura da shi kawai, jama'a sun fi saurin gane ɓarawo idan ba ɗan garinsu ba ne.

* * *

Washegari da hantsi Hasiya, matar Maitama, ta je College Park, bayan wani garejin fenti inda Kambai ke ajiye janwensa. Kambai mutumin Zonkwa ne, Kirista, Hausa a bakinsa kamar ta Zariya. Sana'arsa bin sawun motocin da banki ya ce a ƙwato. Ya taɓa ɗauke motar wani daga harabar masallaci ana cikin sallar Juma'a, abin da har yau ba a yafe masa ba.

"Ba don ina son ganinka na zo ba," in ji Hasiya.

"Hajiya, ba wanda ya taɓa zuwa nan don haka. Zauna."

Ba ta zauna ba. Ta ce Sirajudeen ya riga ya ba 'yan sanda sunan mijinta, mai bincike kuma zai zo gidansu ranar Alhamis. So take Kambai ya nemo motar kafin ranar. Maitama yana aiki da wani kamfani da ke yi wa gwamnati ayyukan sirri. A irin wannan aiki, ranar da aka yi maka tambayoyi a matsayin wanda ake zargi, ranar za ka miƙa katin shiga. Ko daga baya an wanke ka, kujerarka ta riga ta zama ta wani.

"Shi ya ɗauka?" Kambai ya tambaya.

"Mutumin da ko rimot ba ya iya nemowa sai ya ƙwala mini kira? Baki gare shi. Bakin ne zai kashe mu."

"Ki sani fa, in na bi sawu ya kai ni ƙofar gidanki, ba zan juya ba."

"In ya kai ka, ka ƙwanƙwasa. Zan buɗe."

* * *

A falon Sirajudeen ko ruwa ba a ba Kambai ba. Mai gidan na zaune da makullai biyu a kan tebur, yana kallonsu kamar mai zaman makoki. Kusa da shi Nasirudeen ne, yayan matarsa, mai kwasar gangunan kaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Baltimore ga masu aikawa gida. Suna kiran juna akonta, yadda mutanen Kumasi ke kiran ɗan'uwan mata ko mijin ƙanwa.

"Wa ya aiko ka?" in ji Nasirudeen.

"Matar wanda kuke zargi."

"Ei! An aiko kura neman akuya."

Kambai bai kula shi ba. Ya nuna makullan. "Duka suna hannunka ranar?"

"Ɗaya a aljihuna, ɗaya a jakar matata Na'imatu," in ji Sirajudeen.

"Irin wannan mota tana da na'urar da ke nuna inda take."

"Yaron dila ya ce in sa a waya, na ƙi. Motata ce. Ba na son wani a ofis ya san inda take kwana."

"To ga shi kai ma ba ka sani ba."

Sirajudeen ya yunƙura zai tashi, Nasirudeen ya dafa shi. "Ƙyale shi, akonta." Ya juyo wurin Kambai. "Massa, lokacinka kake ɓatawa. Motar nan tana cikin kwantena yanzu haka. Ni a tasha nake wuni, na san su. Injiniyan ya ba yaransa, kafin ka ankara tana Legas an canza mata fenti."

"Kai kana ina lokacin da wuta ta ɗauke?"

"Na tafi tun kafin addu'a. Ina da kwastoma. Ba kowa ke cin abinci da motocin mutane ba."

Kambai ya leƙa ta taga. Ƙofar gidan wayam, sai tabon mai a kan siminti.

"Ina tsohuwar motarka?"

"Na sayar," in ji Sirajudeen. "Dila ya ce 'yan watanni ne, na yarda da shi kamar kwasia, wawan banza."

"To da me ka yi aiki duk tsawon jiran?"

"Muna da dangi. Mu ba mu cinye juna ba kamar ku."

Na'imatu tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta dubi yayanta, ta dubi mijinta, ta koma ciki.

* * *

Maitama ya karɓi Kambai a tsaye, a gidansa na Gaithersburg, hannu a baya kamar mai duba ɗalibai.

"Na faɗa, kuma ko gaban alƙali zan maimaita. Ni na fara oda. Watanni ina buga waya ana ce mini ana ƙerawa, ana ƙerawa, kamar jirgin sama. Sai kawai in ga mai yankan ciyawa yana walima?"

"Da ka bar wurin ina ka je?"

"Na shiga motata na yi ta tuƙi har zuciyata ta sauka."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Mai binciken zai nemi ƙarin shaida, Injiniya."

"Ka je wurin Rilwanu yaron dila, shi ne ɓarawon. Ɗan garinmu ne wai, da shi na yarda na yi oda. Ya sayar da layina, yanzu kuma ya ɗauke motar zai sake sayarwa. Dillalan nan duk suna riƙe makulli na uku."

"Baban Afnan, wa ya gaya maka haka?" in ji Hasiya daga kujera.

"Kowa ya sani."

Wannan Malam Kowa-ya-sani ya fi kowane malami ɗalibai a cikinmu, kuma bai taɓa buɗe littafi ba.

* * *

Ranar Litinin Kambai ya sami Rilwanu a wurin dila, cikin kwat mai matse kafaɗa, yana cin burodi a ɓoye a bayan tebur. Da ya ji sunan Maitama sai ya ajiye burodin.

"Wallahi da na sani da ban sayar wa ɗan gida ko keke ba. Bature in ya gaji da jira sai ya soke oda ya tafi. Namu sai ya bugo wa mahaifiyata a Kano."

"An ce ka sayar da layinsa."

"Wane layi? Babu layi, Oga Kambai, shi ne abin da suka ƙi ji. Kamfani ya ce mana wannan karon kasonku biyu, wani karon ko ɗaya babu. Kuma ba mu ke zaɓar wadda za a ƙera ba. Wadda kayanta suka cika, ita ake yi. Sirajudeen fanko ya ce, motar aiki. Injiniya kuwa rufin gilashi, kujerun fata masu ɗumama baya, wani fenti da ko a hoto ban taɓa gani ba. Na ce masa, Yallabai, cire rufin nan, shi ke riƙe ka. Ya ce shi ba direban kaya ba ne."

"Makulli na uku fa?"

Rilwanu ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Da ina da shi, da motar shugabana zan fara ɗauka."

"To yaya aka yi mota ta tashi, makullanta biyu suna wurin walima?"

"Ai ba tashi ta yi ba. A kunne take. Na ji da ita suke ɗumama abinci. Ba ta ba da wuta haka sai tana kunne, sai dai ba za ka ji ƙara ba. Kowa ya shiga sai ya ja abarsa."

"Ba makulli?"

"Ba makulli. Za ta yi ta ƙorafi a allo, amma za ta tafi, ko Florida ne. Abu ɗaya ne kawai. Ka danna maɓalli ka kashe ta, shi ke nan. Ba za ta sake tashi ba sai makullin na ciki."

Kambai ya auna maganar. Ɓarayin mota na gaske sun san wannan kamar sunansu. Da su ne, da ba su kashe ta ba sai cikin kwantena. Amma ɓarayin gaske ba sa zuwa walima su jira a fara addu'a. In wanda ya ja ta ɗan cikin taron ne, bai san halinta ba, to tana nan inda ya fara tsayawa.

Ya fito ya fara kiran direbobin janwe da ya sani, daga Wheaton har Frederick. Tambayarsa ɗaya: wa ya ga sabuwar akori-kura shuɗiya mai lambar takarda, tana zaune inda bai kamata ba?

* * *

Ranar Talata bayan azahar amsa ta zo. Motar tana ƙarshen filin ajiye motoci na wasu shaguna a Gaithersburg, can kusa da shinge, an riga an manna mata takardar gargaɗi. Ko ƙwarzane babu. Ledar kujeru ma tana nan.

Kambai bai yi murna ba. Daga wurin zuwa gidan Maitama, ko tsohuwa za ta taka da ƙafa.

Mai gadin shagunan, wani dattijo mai suna Gregory, ya nuna masa abin da kyamarar shagon wanki ta ɗauka ranar Asabar. Hoton daga nesa ne, rana ta faɗi, duhu ya fara sauka. Mota ta zo ta tsaya, fitilu suka mutu. Wani mutum ya fito cikin farar riga da hula, irin shigar da rabin mazan walimar suka yi. Ya yi alwala da ruwan gora, ya shimfiɗa wani abu a gefen motar, ya yi salla yana fuskantar shagon wankin. Da ya idar ya koma ciki. Ya daɗe. Ya fito ya buɗe gaban motar, ya rufe, ya doki taya da ƙafa, ya bi gefen shinge ya ɓace. Fuska ba ta fita ko kaɗan.

Kambai ya kira Hasiya. Ta zo, ta kalli hoton a wayarsa har sau biyu.

"Tsayinsa ne," ta ce a hankali. "Rigar ma."

"Tsayin maza da yawa ne."

"Kada ka lallashe ni, Kambai, ba aikinka ba ne." Ta duba sama. "La'asar za ta wuce ni."

Ta ɗauko darduma daga motarta, ta tsaya daidai wurin da mutumin ya tsaya, don nan ne kaɗai ba a wucewa. Ta ɗora waya a tafin hannu, tana neman alƙibla, ta juya kaɗan-kaɗan har ta daidaita, ta shimfiɗa, ta tayar da salla. Kambai ya ja baya ya jingina da janwensa. Ya dube ta, ya dubi wayarsa, ya sake dubanta. Shagon wanki yana can wajen damanta. Ita bangon bayan wani kantin magani take fuskanta.

Da ta sallame ya ce, "Hajiya, ni dai a cikinku na girma, na san alƙibla ɗaya ce. Wa ya yi kuskure, ke ko shi?"

Ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo.

"Ba kuskure ya yi ba. Da gangan ne. A ƙasar nan arewa maso gabas ake duba, haka duk masallatanmu suke. Amma akwai 'yan tsirarun da suka kafe cewa a taswira Makka tana ƙasa da mu, saboda haka kudu maso gabas. Na sha jin maza suna musun ta bayan labule."

"Su wa?"

"Ta bayan labule na ce maka. Murya nake ji, ba na ganin inda suke dubawa."

"Mijinki fa?"

A karon farko tun da ya san ta, ta yi murmushi, murmushin da ba na daɗi ba.

* * *

Masallacin Wheaton tsohon shago ne, an ja layukan sahu a karkace a kan kafet, ba su bi bango ba. Ranar Laraba Hasiya ta sa liman ya roƙi duk wanda abin ya shafa ya zo magariba, ya ce akwai labarin mota. Kambai ya tsaya a ƙofa wurin takalma. Masu shiga suna harararsa, wani ya ce da ƙarfi a kula da makullai.

A cikin jam'i kowa ya bi layi, ba abin gani. Kambai ya jira. Liman ya sallame, sahu ya watse, aka tashi nafila, kowa a inda ya samu. Maitama a kan layi. Rilwanu a kan layi. Sirajudeen a kan layi. Can a kusurwa, mutum ɗaya ya gyara tsayuwa, ya juya kafaɗunsa dama har ya gicciye layukan kafet, ya ɗaga hannu.

Aka taru a ɗakin karatun yara, manya a kan ƙananan kujeru. Hasiya da Na'imatu suka shigo daga sashen mata, kowace ta kama bango ɗaya.

"An ga motar," in ji Kambai. "Lafiyarta ƙalau. Tana Gaithersburg."

"Gaithersburg!" Sirajudeen ya miƙe yana nuna Maitama. "Kun ji? Unguwarsa! Malam, ka ji da kunnenka!"

Kambai ya miƙa wa liman wayar. Liman ya kalla, ya ce, "Fuska ba ta fita."

"Ba fuska za ka duba ba, Malam. Ka ga inda sama ta yi ja, can rana ta faɗi. Yanzu dubi inda ya fuskanta."

Liman ya sake kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan ba Injiniya ba ne," ya ce. "Injiniya ne ya auna mana layukan nan da kansa. Ya kusa dambe da mutane a kansu."

"To a cikin waɗanda suka ci walima, wa ke juyawa haka in yana shi kaɗai?"

Idanu suka tafi da kansu wurin Nasirudeen.

"Don mutum ya yi salla yadda ya fahimta, shi ne ya zama ɓarawo?" in ji Nasirudeen.

"A'a. Amma bayan shingen nan akwai garejin makaniki. Na leƙa. Akwai wata farar akori-kura da ta buga inji, ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinta, an rubuta sunanka da lambar wayarka a ƙofa. Makanikin ya ce in ba a ɗauke ta makon nan ba, zai miƙa ta ga masu sayen tsofaffin ƙarafa."

Sirajudeen ya juya a hankali. "Akonta?"

"Kada ka ce mini akonta!" Nasirudeen ya tashi, kujerar yara ta kife. "Ka sayar da taka, ka zo gidana da asuba kana murza hannu. Mako biyu, ka ce. Dila ya ce, dila ya ce. Shekara guda kana loda mata ƙasa da duwatsu, ni ina hayar mota ina kai gangunan mutane, ban ce uffan ba, saboda ƙanwata na gidanka. Ka kashe mata inji ka kawo mini makulli ka ce dama ta tsufa. Me ka ce mini ranar da ka fara karɓa? Ka ce, akonta, in tawa ta zo, tamu ce, ko tambayata kada ka yi. Ranar Asabar na ja ka gefe, na ce ara mini in jawo gawar tawa kafin a sare ta. Ka yi dariya. Ka ce wannan ba ta jan bola ba ce."

"Shi ne ka bari na kai sunan mutum wurin 'yan sanda?"

"Ni na ce ka kai? Kafin in sami motar komawa, ka riga ka kai. In ce me kuma? Shegiyar ta ƙi tashi!"

"Amma ka iya cewa tana kwantena," in ji Kambai. "Ka iya cewa Legas."

Nasirudeen ya sunkuyar da kai.

Nan take dattawan da ranar Asabar suke cewa a bar hukuma ta yi aikinta suka tuna cewa 'yan sanda ba abin wasa ba ne. Ɗaya ya ce abin gida ne. Ɗaya ya ce a rufa asiri, Allah ya rufa wa kowa. Wani ya tuna cewa takardun zaman Nasirudeen ba su gama fitowa ba, in aka rubuta masa satar mota, sai Kumasi. Ba wanda ya dubi Maitama.

"Gobe Alhamis," in ji Hasiya.

Aka yi kamar ba a ji ba.

"Na ce gobe Alhamis. Sunan mijina yana teburin ɗan sanda, kuma ba asiri ne zai je ya goge shi ba. Sirajudeen, ɗauki wayarka."

"Hajiya, in ce masa me? In na ce na ga motata, zai ce wa ya ɗauka."

"In ka faɗi sunan yayana," in ji Na'imatu daga jikin bango, "ka nemi mai dafa maka."

"In kuma ba ka faɗi komai ba," in ji Hasiya, "hoton nan zai isa teburin ɗan sanda kafin in tashi gobe."

Sirajudeen ya dubi liman. Liman ya dubi kafet.

Hasiya ta matso. "Maganar da ya ce ka yi, in tawa ta zo tamu ce, ko tambayata kada ka yi. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Magana ce irin ta..."

"A gabana ya faɗa," in ji Na'imatu. "Har da rantsuwa."

"To ina sata a nan? Mutum ya ɗauki abin da aka ce masa nasa ne. Aro ne, mai shi ya manta alkawarinsa ya ruga wurin hukuma. Abin da za ka ce ke nan, ba ƙari ba ragi, kuma ka saki murya kowa ya ji."

Ya kira. Mai binciken ya ɗauka. Sirajudeen ya yi bayani da turancin da ke sarƙewa: an ga motar, ba sace ta aka yi ba, surukinsa ne, yana da izini, tun da daɗewa yana da izini. Mai binciken ya yi masa faɗan ɓata lokacin hukuma, ya ce ya zo gobe ya janye ƙarar da kansa. Hasiya ta sunkuya kusa da wayar ta tambaya ko har yanzu zai zo Gaithersburg. Ya ce ba shi da abin yi a can.

Maitama ya buɗe baki zai yi magana.

"Baban Afnan," in ji Hasiya, "rufe."

Ya rufe.

Kambai ya riga ya fara neman takalmansa. Mutane suka fara miƙewa, ana ta alhamdulillahi kamar kowa da hannunsa a ciki. Nasirudeen kaɗai bai motsa ba. Ya miƙa hannu wurin mijin ƙanwarsa, tafi a buɗe.

"Me kuma?" in ji Sirajudeen.

"Makulli. Makanikin jibi ya ce."

"Kana hauka? Bayan abin da ka..."

"Malam Sirajudeen," in ji liman, yanzu da ya sami murya, "a gabanmu ka gaya wa hukuma yana da izini. Ba a cikin masallaci za ka mayar da ita ƙarya ba."

Sirajudeen ya daɗe da hannu a aljihu. Da ya fito da makullin, bai miƙa ba, sakinsa ya yi. Nasirudeen ya cafe tun bai kai ƙasa ba.